Yadda ake rainon ɗan kwikwiyo daga ranar ɗauko shi zuwa wata shida

Kwikwiyon da na fara riƙewa bai cika wata uku a duniya ba. Lokacin mun tare a sabon gida can bayan Rigachikun, gidaje jefi-jefi, katangarmu ma ba a gama ta ba, sai na ga ya kamata a samu abin da zai yi haushi da dare. Wani yaro ya kawo min shi a kwalin taliya, bai fi sati huɗu ba, na biya kuɗin da ba su kai na kaza ba ina murna na yi araha. Muka dinga ɗura masa koko da madarar gari. Ran nan da safe ya ƙi cin abinci, da yamma ya fara amai, washegari zawo da jini mai wani irin ƙarni da har yau ban manta ba. Da na kai shi asibitin dabbobi, likitan ya ɗaga leɓensa ya dubi dasashi, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, ina katin allurarsa?" Ban ma san ana yi wa kare kati ba. Kwana biyu a tsakani na haƙa rami a bayan gida.

Wanda nake da shi yanzu, Duna, ya girma lafiya, kuma ba wani sirri na samo ba. Abin da na tsallake a karon farko ne na bi daki-daki a karo na biyu, shi ne kuma zan jero a nan yadda ya kamata ya zo.

Kafin ka ɗauko shi

Ka fara shawara da mutanen gida, musamman uwargida, domin ita ce za ta wuni da shi kana kasuwa ko ofis. Ku yanke tun yanzu inda zai taka da inda ba zai taka ba. A gidanmu ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa wurin alwala, ba ya kusantar randa da kwanukan abinci. Yana da kwanonsa na ci da na sha, ba a haɗa su da na mutane ko wajen wanki. Malamai sun yi bayanin halaccin riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, da kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai, don haka wanda yake da tambaya ta wannan fuskar ya kai ta ga malaminsa kafin kare ya shigo gida. Maƙwabta ma a gaya musu. Wanda ya ji labari daga bakinka ya fi saurin yin uzuri a kan wanda haushi ya tashe shi ƙarfe biyun dare.

Sai wurin kwana. Kafintoci da masu walda a Panteka suna haɗa keji daidai kuɗinka, amma ka sa su yi shi da girman da karen zai kai nan da shekara ɗaya. Ƙasan ya zama katako ko siminti, a ɗaga shi daga ƙasa kaɗan, a sa shi a inuwa. Kejin da aka rufa da kwano aka ajiye a tsakiyar rana, a zafin Maris da Afrilu na Kaduna, murhu ne.

Daga nan ka durƙusa ka dubi tsakar gidanka daga tsayin kwikwiyo. Rijiya a rufe. Bakin shadda da ramin kwata a rufe. Wayar janareta da ta caji a ɗage. Shinkafar ɓera, fiya-fiya, maganin feshin gona, baƙin mai da kalanzir duk su koma kan kanta mai tsawo. Duk abin da ya gani bakinsa zai fara kai wa.

Idan wani kare ya taɓa mutuwa da zawon jini a gidan, kada ka yi gaggawa. Ƙwayar cutar da likitoci ke kira fabo tana iya zama a ƙasa watanni da yawa, har shekara, kuma omo da ruwan zafi ba sa kashe ta. Hypo ko Jik ake surkawa, murfi ɗaya a murfi 30 na ruwa, a wanke siminti da keji da kwanuka, a bar shi ya jima a kai kamar minti goma kafin a ɗauraye. Tsummokaran tsohon karen a ƙone su.

Zaɓe

Kada ka karɓi kwikwiyon da bai cika sati 8 ba, ko kyauta ne. Suna buɗe ido ne a kwana 10 zuwa 14, su fara lasar abinci a sati uku zuwa huɗu, shi ya sa masu sayarwa ke cewa "ai ya fara ci" su raba shi da uwa. Amma a waɗannan makonnin ne yake koyon taushin baki: in ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, ɗan'uwan ya yi ƙara ya bar wasan, uwar kuma ta tsawatar. Wanda aka cire da wuri, a jikin yaranka zai yi wannan karatun.

Je ka ga uwar da idonka. In tana da nutsuwa, 'ya'yan sukan ɗauko. Ɗaga kwikwiyon ka duba: ido ba kwantsa, hanci ba majina, dasashi ja-ja mai haske, ƙarƙashin jela a bushe. Tumbi ƙato a kan siraran ƙafafu yawanci tsutsa ce. Game da iri kuwa, ra'ayina shi ne wanda bai taɓa riƙe kare ba ya fara da na gida. Ya saba da zafinmu da abincinmu, yana da kunne, kuma kuɗin cinsa ba zai raba ka da iyali ba. Manyan karnukan waje irin su Alseshan da Bowabul suna da kyan gani, amma cinsu da maganinsu sai mai hali, masu dogon gashi kuma suna shan wuya da bazara.

Daren farko

Zai yi kuka, kuma zai yi kamar dare uku. Jiya yana cikin ɗumin uwa da 'yan'uwa, yau shi kaɗai. Ka roƙi tsumman da suke kwana a kai ka zo da shi. In lokacin hunturu ne, Disamba zuwa Janairu, zuba ruwan ɗumi a gora, ka naɗe ta da tsohon zani ka sa masa a gefe, ka kare bakin kejin da buhu ta ɓangaren da iska ke kaɗowa. Sa kejin kusa da tagarka yadda zai ji motsin mutum. Kada ka dake shi don ya yi shiru. A daren Duna na biyu uwargida ta ce, "Maigida, ko dai mu mayar musu da abinsu?" A dare na huɗu sai da na fita dubawa don shirun ya yi yawa.

Asibiti kafin komai

A cikin kwana biyu ko uku na farko ka kai shi wurin likitan dabbobi, a kwali ko a hannu, kada ka sauke shi a ƙasan asibitin, don marasa lafiya sun taka wurin. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati da na kuɗi a cikin garin Kaduna, in kuma abu ya yi tsanani akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Abu uku za a tsara maka. Na farko maganin tsutsa. Kusan duk kwikwiyo da ita ake haifarsa ko ya sha ta a nono. Ana ba da maganin ne duk sati biyu tun yana sati biyu har zuwa sati 8, sannan duk wata har ya cika wata shida, bayan nan duk wata uku. Da nauyinsa ake auna maganin, don haka kada ka ɓalli na akuya ka ba shi da ka. Wannan tsutsar tana shiga yara masu wasa da ƙasa, shi ya sa kwashe kashinsa kullum da wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi ya zama doka a gida.

Na biyu allurar haɗaka, wadda za ka ga an rubuta DHLPP a katin. Ita ce ke kare shi daga fabo da wasu cututtuka huɗu. Ana yin ta farko a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati uku ko huɗu har ya kai wajen sati 16. Yawancin mutane a nan suke faɗuwa: a yi guda ɗaya a ce an yi allura. Dalilin maimaitawar shi ne kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya hana allurar farko kamawa, kuma ba wanda ya san takamaiman satin da wannan kariyar za ta janye. Har sai an yi ta ƙarshe da sati ɗaya ko biyu, ba ya taka titi, ba ya shinshinar kashin wani kare.

Na uku allurar ciwon haukan kare, a wata uku, sannan duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin ta, akwai kuma ta waje. Ka tabbatar daga firji ko kula mai ƙanƙara aka ciro ta a gabanka, a rubuta kwanan wata a kati a sa hannu. Allurar da ta wuni a aljihun mai yawo a babur ruwa ce kawai. Katin nan ka adana shi tare da takardun gida, ranar da karenka ya yagi wani shi ne zai yi maka magana.

Abinci

A nan zan daɗe, domin a nan ne muka fi cutar da su da kyakkyawar niyya.

Satin farko ka ci gaba da ba shi irin abin da yake ci a inda ka ɗauko shi. In za ka canza, ka yi a hankali cikin kwana bakwai, kana rage tsohon kana ƙara sabon. Canji farat ɗaya zawo ne. Daga sati 8 zuwa wata uku sau huɗu yake ci a rana, daga wata uku zuwa shida sau uku, bayan nan sau biyu. Ni da lokutan salla na ɗaure abin don kada a manta: bayan Asuba, Azahar, La'asar, sai bayan Magariba. Ajiye kwanon minti 15, abin da ya rage ka ɗauke. Ruwa kuwa kullum yana nan, a inuwa, a kwano mai nauyi da ba zai kifar ba.

In kana da halin sayen abincin buhu, sayi wanda aka rubuta na kwikwiyo ne, ka jiƙa shi da ruwan ɗumi a makonnin farko. Ka duba ranar lalacewarsa, ka shinshina, ka zuba a bokiti mai murfi. Ga manyan karnukan waje ina ganin wannan ce hanya mafi aminci, domin ƙashinsu yana girma da sauri, kuma ƙarancin sinadarin ƙashi ko yawansa duk suna lanƙwasa ƙafa. Kada ka ƙara musu maganin ƙarfin ƙashi sai likita ya ce.

In girki za ka yi, tukunyarsa daban. Shinkafa ko garin masara ko dankalin Hausa, a dafa su lugub, a sa kabewa ko karas, sannan nama, kifi ko ƙwai. Yadda nake yi, ɓangaren naman ba ya gaza kashi ɗaya cikin uku na kwanon. Ba sai tsoka mai tsada ba: tumbi, huhu, zuciya da naman kai daga mahautar Zango a Tudun Wada ko wurin mahaucin unguwa sun wadatar, a dafa su sosai. Hanta kaɗan-kaɗan, sau ɗaya ko biyu a sati. Kifi a cire ƙaya tas. Ba gishiri, ba magi, ba yaji. Ka nuna wa likita abin da kake dafawa ya gaya maka abin da ya rage. Tuwo zalla ko ƙanzo da ruwa suna cika ciki, amma kwikwiyon da aka raina a kansu za ka gan shi da gashi a bushe da gwiwoyi a karkace.

Ragowar abincin gida kuwa matsalarta miya. Kusan duk miyarmu da albasa take, wata da tafarnuwa, su kuma suna farfasa ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe, kuma illar taruwa take a hankali har ka ga dasashi ya yi fari. Tsire da kilishi da balangu ma haka, saboda yaji da albasa. Cakulan guba ne gare shi. Goro ma, domin sinadarin da ke hana mu barci yana bugar masa da zuciya, don haka a lura da inda tsofaffi ke ajiye nasu. Inibi, ɗanye ko busasshe, yana iya kashe ƙoda. Masara ko ƙuliƙulin da suka yi funfuna da damina suna lalata hanta, kada a ce "a ba kare". Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, tsagewa yake kamar tsinke ya huda hanji. Madarar shanu da ta gari sukan sa zawo, kuma wanda ya kai sati 8 ba ya bukatarsu.

Awon ƙoshi a hannunka yake. Shafa gefensa: ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba, amma kada ka hango su daga nesa.

Maganin mutane ba nasa ba ne. Panadol da magungunan ciwon jiki da muke sha kamar gyaɗa suna iya kashe kwikwiyo.

Kaska, ƙuma da damina

Da ruwa ya sauka, daga Mayu zuwa Oktoba, duba jikinsa kullum da yamma: cikin kunne, wuya, hammata, tsakanin yatsu. Kaska ka kama ta daf da fata ka ja a miƙe a hankali, ka jefa a kalanzir. Tana sa zazzaɓin da ke shanye jini, don haka in ya yi kasala dasashi ya koɗe, asibiti. Kada ka yi masa wanka da Sniper ko fiya-fiya, kada ka shafa masa baƙin mai don ƙazuwa. Na san ana yi, na kuma san yadda kwikwiyo ke karkarwa yana dalalar da miyau bayan an yi. Likita yana da maganin da ya dace da shekarunsa.

Akwai kuma wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai damshin fitsari ko a tsumma, tsutsarsa ta shige fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. In ka gani, toshe ramin da man Vaseline, bayan ɗan lokaci ka matsa a hankali za ta fito, ka wanke wurin. Maganinta na asali busasshen wurin kwana.

Alamun da ba a kwana da su: amai a jere, zawo da jini, ƙin abinci wuni guda, kumburin fuska, karkarwa. Kwikwiyo ba shi da jikin jira.

Horo

Mutane da yawa sun ɗauka kare ba ya zafi sai an ɗaure shi a duhu, an hana shi abinci, an yanke masa kunne, an ba shi barkono. Abin da wannan ke haifarwa matsoraci ne, matsoracin kare kuma bai san bambancin ɓarawo da ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo ba. Gadi a jininsa yake, zai fara da kansa in ya tasa. Aikinka shi ne ya san na gida, ya kuma ji maganarka in ka ce ya bari.

Fara da wurin bayan gida. Zaɓi kusurwa ɗaya, ka kai shi can da ya farka, da ya gama ci, da ya gama wasa. Ɗan wata biyu ba ya iya riƙe fitsari fiye da kamar awa biyu. In ya yi a wurin, yaba masa nan take. In ya yi a inda bai kamata ba kuma ba ka kama shi a kai ba, wanke kawai, domin dukan da ya zo bayan minti biyar bai san na mene ne ba.

Sai suna da kira. Yanka dafaffiyar hanta ko nama ƙanana kamar ƙwayar wake ka riƙe a hannu. Kira sunansa sau ɗaya, in ya waiwayo ka ba shi. Ja da baya ka ce "zo", in ya zo ka ba shi. Don "zauna", ɗaga naman sama da hancinsa ka kai shi baya kaɗan, gindinsa zai sauka da kansa, sai ka faɗi kalmar ka ba shi. Minti biyar sau uku a rana ya fi awa guda a ranar Lahadi. Kowa a gida ya yi amfani da kalma ɗaya. Kuma kada ka taɓa kiransa don ka hukunta shi, in ka yi haka sau biyu ka koya masa gudu.

Kalmar da ta fi kowace amfani a gidan Bahaushe ita ce "bari". Rufe nama a tafin hannu, ya shinshina ya lasa ya gaji, da ya janye kai ka ce "bari" ka ba shi wani daga ɗaya hannun. Da ita za ka ceci kaji, da takalman baƙi a bakin ƙofa, da butar alwala. In kana da kaji ko awaki, ka riƙa zagayawa da shi a cikinsu da igiya tun yana ƙarami, yana zabura ka ce "bari", yana nutsuwa ka ba shi lada. Wanda ya riga ya ɗanɗani ɗan tsako gyaransa da wuya.

Cizon wasa zai tsananta daga wata uku zuwa shida, lokacin da haƙoran nono 28 ke zubewa na girma 42 ke fitowa. Ba shi abin tauna nasa, kamar igiya mai kauri da aka ƙuƙƙulla. Kada ka ba shi tsohon silifa, don ba zai bambanta shi da sabo ba. In haƙori ya taɓa hannu, wasa ya ƙare, ka tashi ka ba shi baya. Yara a koya musu kada su gudu suna ihu a gabansa, kada su ja masa jela, kada su taɓa shi yana ci ko yana barci. Ƙaramin yaro da kare ba a barinsu su kaɗai, komai sabo.

Makonnin da ke tsakanin sati 3 da 14 su ne lokacin da yake karɓar sabon abu ba tsoro, ga shi kuma allura ba ta cika ba. Mafita ita ce duniya ta same shi a gida, ko ka ɗauke shi a hannu zuwa bakin ƙofa. Ya ga ɗan garuwa da kurarsa, almajiri da robarsa, mace da hijabi, dattijo da sanda. Ya ji ƙarar janareta da Keke Napep da tsawa yana kusa da kai. Sa masa abin wuya mai laushi tun yanzu, yadda yatsu biyu za su shiga, kuma ka riƙa dubawa duk sati don wuya yana girma. Waya ko igiyar leda a wuya yanka take.

In ya yi cizo

Ko yaƙushi ne da ya fasa fata, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, ka duba agogo, sannan a tafi asibiti a ranar, da katin karen a hannu. Ba a tsayawa neman gashin karen a ƙona a shafa. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi, amma alluran da ake yi bayan cizo suna tare shi in an fara da wuri. Karen kada a kashe shi, kada a kore shi: a killace shi kwana 10 likitan dabbobi yana duba shi.

A wata shida zai fara ɗaga murya da gaske, macen kuma tana iya fara jinin neman namiji daga nan zuwa shekara, don haka ka yi magana da likita a kan fiɗiya ko cire mahaifa in ba ka shirya rainon wasu takwas ba. Daga lokacin ake fara sakinsa da dare, a cikin katanga kawai, bayan ka toshe ƙasan get. Ni nakan mayar da Duna keji kafin kiran sallar farko, domin layinmu ne hanyar masallaci, kuma dattijon da ke riga kowa fita da tocila ya taɓa tsayar da ni ya ce, "Ɗana, karen nan naka na san muryarsa, ba na so in san haƙorinsa."